Shekarar da Baba Ya Zama Ja-Darni

Ranar da jikata Nafisa ta dawo daga lakol, wato makarantar boko, da kumburarrun idanu, wai wata yarinya ta ce mata 'yar gidan Ja-Darni, na zaunar da ita na tambaye ta ko ta san asalin sunan. Ta ce an gaya mata kakan uwarta ɗan sanda ne da ya rushe gidan mutane, shi ya sa har ya bar aiki ba a ƙara masa girma ba. Na dubi uwarta, na ga ita ma iyakar abin da ta sani ke nan. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, tun ina yarinya haka nake. To abin da baki ya kasa, bari hannu ya yi. Ina wurin, na gani da idona, kuma ga yadda aka yi.

Garinmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Gidan Rumji ta nufi Cadakori, gari ne na manoma da 'yan kasuwa, da ɗan buron 'yan sanda kusa da tashar mota. Baba, Malam Mamman, yana cikin 'yan sandan wurin. Dogo ne marar hayaniya, irin mutumin da in ya raba faɗa a kasuwa sai masu faɗan su rako shi har ƙofar gida. Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta babban fari na biyu, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Mun ci jar dawar taimako, mun ci dilo, 'ya'yan anzar nan da ake jiƙawa a yi ta sake musu ruwa kafin ɗacin ya fita. Makiyaya suka gangaro daga arewa da 'yan awakin da suka rage musu, suka kafa bukkoki a gabashin gari. Rijiya kuwa, in ka jefa guga sai ka ji ya bugi ƙasa kafin ya jiƙe. A gidanmu akwai Inna, da yayana Sale, da ni, da ƙannena, sai Kaka, uwar Baba. Kaka ba ta faɗin sunan Baba don ɗan farinta ne. Mai hula take ce masa, ko yana sanye da hular aiki ko ba ya sanye.

A wannan shekarar ne lokacin Baba ya yi na samun galo, igiyar nan da ake ɗinka wa ɗan sanda a hannun riga in ya zama birgadiye. Ya daɗe yana jira, kuma shekarunsa sun kai inda in ta wuce shi bana ba za ta sake dawowa ba. Ku da kuka tashi cikin ƙoshi za ku ɗauka ado ne. A wurinmu hatsi ne, domin ƙarin albashin zai kai mu damina ba tare da Sale ya tafi cin rani ba. Wata rana ina ninke wanki na lura Inna ta yi ɗan ɗinki da farin zare a hannun sabuwar rigar Baba, daidai inda galon zai zauna, ƙanƙane yadda ba mai gani sai mai ninkewa. Ban ce mata na gani ba.

Sai dai an shigo da sabon tsari. An kafa majalisar gari, da maigari a kanta, da liman, da babban malamin lakol, da wasu manyan manoma da 'yan kasuwa. Kafin a ƙara wa ɗan sanda girma sai majalisar garin da yake aiki ta shaide shi, kuma in akwai ƙarar mutumin gari a kansa wadda ba a janye ba, sai a ajiye maganar. Abokan aikinsa suna ta gunaguni, amma Baba ya ce da Inna muna cin tuwo:

"Doka ce mai kyau. Wanda ke riƙe da sanda gara shi san akwai mai kallonsa."

Majalisar ce kuma ta tura shi Maradi. An nemi kowane gari ya aiko mutum ya koyi kashe gobara wurin 'yan kwana-kwana, waɗanda mu muke ce wa pompiye. Ba wanda ya so zuwa, don garin da ba shi da ruwan sha me zai yi da ilimin fesa ruwa? Baba ya ce shi zai je. Da ya dawo mun fito tarbarsa muna zaton za mu ga jar mota. Sai ga shi ya sauko daga bayan motar kasuwa da doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a kanta, da felu na ɗibar ƙasa, da usur a wuya. Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Mai hula, ina motar ruwan?"

"Babu mota, Iya."

"An aike ka koyon kashe wuta, ka dawo muna da sandar kaɗo aduwa?"

Baba ya jingine gorar a jikin rumbu, ya zauna ya cire takalma.

"Iya, wuta ci take yi kamar dabba. Mai ruwa shi kashe ta. Marar ruwa sai shi ɗauke mata abinci daga gabanta."

"To mu da muka saba da rashin abinci, sai ta zo ta koya wurinmu," in ji Kaka.

Majalisa ta ba shi izinin tara samarin gari ya koya musu. Bayan la'asar suke taruwa a filin da ke bayan lakol, ni kuma ina zaune a gindin katanga da allon rubutuna a cinya, kamar ina bitar darasi. Suna kafa ɗan darni na ruɓaɓɓen kara da tsohon bunu, su jera shi kamar unguwa. Abu na farko da yake sa su yi shi ne su ɗebi ƙasa su sake ta, su ga inda iska ta kai ta. Na biyu, kada kowa ya tsaya inda wutar take, a ruga gabanta. Sa'an nan ya busa usur ya ce, "Ja darni!" Sai su kama darni da ƙugiya da hannu su kwantar, su janye shi nesa, masu felu su bi da ƙasa, har a sami fili fetal wanda wuta ba za ta iya tsallakewa ba. Yara suka mai da abin waƙa, in ya wuce a titi su bi shi suna ja darni, ja darni. Bai taɓa juyowa ba. Cikin samarin wanda ya fi kowa kama abin shi ne Laminu, ɗan Alhaji Nomau. Alhaji Nomau babban manomi ne kuma ɗan majalisa. Ba mugun mutum ba ne, ku riƙe wannan. A shekarar nan gidaje da yawa sun ci daga hannunsa. Amma mutum ne mai tsare martabar gidansa, kuma gidan na kulle ne, namiji baligi ba ya wuce zaure.

Sai ku san yadda gabashin garin yake, don ku gane abin da ya faru. Bukkokin makiyaya ne a can ƙarshe, sai wasu 'yan gidaje na kara, sai gidan Alhaji Nomau. A shekarar ya tara harawa da karan dawa a kan rumfuna cikin gidan, tuli har sun fi ɗakunan tsawo, don abincin dabba ya zama kamar zinariya. Bayan darninsa na yamma kuma, taku kaɗan, rumbunan gari ne a jere. Yawancinsu wayam suke, amma a cikinsu ne kowane gida ya ɓoye irin shuka. Mutane sun yarda 'ya'yansu su kwana da yunwa da a taɓa wannan iri.

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, cikin bazara, yawancin magidanta sun tafi, har da Alhaji Nomau. An tashe mu daga lakol da tsakar rana, ina tafe ni kaɗai kamar kullum, sai na ji wata ƙara daga gabas, tas-tas-tas, kamar yayyafin farko a kan zana. Na ɗaga kai na duba sama. Daga baya na ji Kaka ma ta fito da ƙwarya a hannu tana hamdala. Da na sauke ido sai na ga hayaƙi, baƙi daga ƙasa, fari daga sama, ya kwanto wajen yamma. Har yau ba wanda ya san inda ta tashi, kuma duk wanda ya ce muku makiyaya ne, ya faɗi abin da bai gani ba.

Na bi mutane ban san ina bin su ba. Mata suna gudu da tuluna da ba komai a ciki sai ɗan ruwan sha, suna watsawa, wutar ko gezau. Sai na ji usur. Baba ya iso da gorarsa, samari a bayansa. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya saki, ta tafi kai tsaye wajen gidan Alhaji. Ya dubi tulin harawar, ya dubi rumbunan da ke bayansa. Bai ko kalli gidajen da ke ci ba, ya ruga gaba ya tsaya a ƙofar zauren Alhaji, ya yi sallama da wata murya da ban taɓa jin yana da ita ba.

"Matan gida, ku ɗauki yara ku fito ta yamma. Za mu shigo."

Samarin suka tsaya cirko-cirko. Wutar ba ta kai gidan ba tukuna, da sauran gidaje biyu tsakani. Kuma gidan Alhaji Nomau ne, wanda ko ɗan aike ba ya wuce zaurensa. Laminu ya ɗaga ƙugiyarsa. Baba ya dafa masa kafaɗa.

"Kai, je ka fid da uwayenka. Kada hannunka shi taɓa darnin ubanka yau."

Ya juya ya saƙala ƙugiya a darnin gabas, shi da kansa, ya ja. Da darnin ya kwanta sai ya busa usur, samarin suka afka. Suka kwantar da darni, suka sauke jinkar ɗakuna biyu, suka kayar da rumfunan harawa suka yi ta jan ta waje zuwa fili. Matan gidan suka fito ba mayafi, wata da tukunya a kai, wata da jariri a kowane hannu, kuma rabin gari yana kallo. Na tuna uwargidan ta fito da takalmi ɗaya, ta tsaya tana riƙe da shi a hannu. Awakin makiyaya, waɗanda suka manta kamannin ɗanyen ganye, suka ga harawa a ƙasa, suka zo a guje ta cikin hayaƙin suka hau ci, ba mai lokacin korarsu. Masu felu suka bi da ƙasa, mata suka bar batun ruwa suka koma ɗibar rairayi da ƙwarya, ni ma na cika allona da ƙasa na yi ta kaiwa. Wutar ta cinye gidajen nan biyu, ta iso bakin filin da aka share, ta yi ta miƙa harshe ba abin kamawa. Tartsatsin da ya tsallaka, samari suka bi shi da ƙasa. Kafin la'asar ta kwanta. Ba a rasa rai ba, kuma ko rumbu ɗaya bai yi baƙi ba.

Da yamma gidanmu ya cika da masu barka. Baba yana zaune Inna tana shafa masa man shanu a tafin hannu inda gora ta saɓule masa fata. Washegari da safe aka zo aka ce Alhaji Nomau ya kai ƙara majalisa.

Ku saurari ƙarar da adalci. Mutum ya tafi kasuwa ya bar gidansa lafiya, ya dawo ya tarar an rushe, harawar da ya tara ta shiga cikin awaki, iyalinsa sun tsaya a titi kai ba lulluɓi, kuma da ya zagaya bai ga ko kara ɗaya nasa da wuta ta taɓa ba. Abin da yake ta faɗa ke nan: wuta ba ta zo gidana ba, ɗan sanda ne ya zo. Aikin Baba ya yi kyau har ya share shaidar kansa. Cikin 'yan kwanaki sai gari ya rabu, wasu har suna cewa da ma iskar za ta juya.

Maigari bai so abin ya kai ga zama ba. Ya aiko wakilinsa gidanmu, wani dattijo mai taushin baki, ya zauna a zaure da Baba, mu kuma muna ji ta cikin zana. Ya ce an lallashi Alhaji, ba ya neman ramuwa. Abu ɗaya yake so, Baba ya tsaya gaban majalisa ya ce ya yi kuskure, gaggawa ce ta ɗebe shi. In ya faɗa za a janye ƙara a wurin, a shaide shi, galo ya zo. Da dattijon ya tafi Baba ya shigo, Kaka ta riga kowa magana.

"To mi ya rage? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, kalma ɗaya ce. Allah ya san gaskiya, mu ma mun sani. Dubi wuyan yaran nan."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan ƙaramarmu, wadda gashinta ya fara ja. Sa'an nan ya tashi ya ɗauki buta. Na lura ranar bai gama tuwonsa ba, ya tura wa Sale.

Majalisa ba ta da ɗakin taro, a ajinmu take zama ranar da ba karatu da yamma. Ranar ni ke da shara. Ban gama ba suka fara shigowa, kuma kunya ta hana ni ratsa manyan mutane in fita, sai na lafe a bayan ƙofa da tsintsiya a hannu. Ba wanda ya kula da ni, abin da na saba ke nan. Dattawa suka matsa cikin kujerun yara, gwiwoyinsu a sama, babbar rigar Alhaji Nomau ta malalo har ƙasa a kan teburina. Baba ya tsaya gaban allo cikin sabuwar rigarsa, hula a hammata. Tagogi kuwa sun cika da kawunan samarin da ya koyar, Laminu a can baya.

Alhaji ya faɗi ƙararsa, muryarsa ta karye da ya zo kan maganar iyalinsa. Wani dattijon makiyayi da ake kira Bappa Juli ya leƙo ta taga ya nemi izini, ya ce da Hausarsa mai karkata:

"Alhaji, be'i namu, awaki, sun ci harawa naka, mun gode, Allah biya. Amma da ba su ci ba, wuta za ta ci, kuma ita ba ta godiya."

Aka yi 'yar dariya, maigari ya tsawatar, ya ce Bappa ba ɗan majalisa ba ne. Sa'an nan ya juya ga Baba.

"Malam Mamman, kana da abin faɗi?"

Baba ya fuskanci Alhaji, ya rusuna.

"Alhaji, na shiga gidanka ba ka nan, na fid da iyalinka a idon jama'a. Wannan ya yi maka ciwo, ni ma da gidana ne zai yi mini. Ina ba ka haƙuri, ina ba su haƙuri. Ɗakunanka da darninka ni zan tayar da hannuna."

Maigari ya gyaɗa kai, ya jira. Kowa ya jira. Na ji liman ya yi gyaran murya.

"Sai sauran kalmar," in ji maigari a hankali.

"Ranka ya daɗe, ita ce ba ni iyawa." Ya nuna taga da hularsa. "Yaran nan suna ji. Na koya musu in wuta ta taso a ja abin da ke gabanta, ko na wane ne. In na ce kuskure ne yau, ran da ta sake tashi za su tsaya a ƙofar zaure suna jiran mai gida shi dawo daga kasuwa. Ku kuka aike ni in koyo. Abin da na koyo ke nan."

"Ka san doka, Mamman. In ƙara tana nan, hannunmu a ɗaure yake."

"Na sani. Ku bi dokarku, mai kyau ce."

Maigari ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi teburina, inda na taɓa zana ɗan tsuntsu da ƙusa, ya daɗe yana kallo. Na yi zaton zai janye, ina ganin shi ma ya so. Amma ya riga ya rantse gaban matansa, kuma gari yana kallo. Ya ce ƙararsa tana nan. Aka ajiye maganar galo. Kafin su tashi babban malamin lakol ya kawo wata magana, ko za a ci gaba da koyar da samari ko a tsayar. Aka ce a ci gaba, kuma duk ɗan sandan da aka turo garin nan gaba sai ya koya. Alhaji Nomau bai ce a'a ba. Baba ya sa hularsa, da zai fita ya gan ni a bayan ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi tsintsiyar ya jingine, ya kama hannuna muka tafi gida, ina jin kaushin ciwon tafinsa.

Ba zan ɓoye muku tsadar abin ba. Sale ya tsallaka iyaka cin rani, kuma zaman can ya riƙe shi, shi ya sa 'yan uwanku na wajensa suke Katsina har yau. Inna ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya, ta yi makonni ba ta yi wa Baba magana sai ta dole. Wani yaro da Baba ya koya wa ɗaura ɗamara ya zama birgadiye a kansa, Baba yana sara masa kowace safiya. In ya tashi daga aiki kuma sai ya wuce gidan Alhaji ya yi ta ɗaurin darni da jinka har ya gama, sai dai ya roƙi a matsar da darnin yamma baya, a bar fili tsakaninsa da rumbuna. Alhaji bai hana ba. Sunan Ja-Darni ya bi Baba, da farko da ba'a. Da ruwa ya sauka aka buɗe rumbunan nan, gari duka ya fita shuka da irin da ke ciki, har gonar Alhaji. Ba wanda ya yi jawabi a kai. Inna kuwa ba ta cire farin zaren ba, kuma ta koma zuba wa Baba tuwonsa da kanta.

Bayan 'yan shekaru, na zama budurwa, wuta ta tashi a unguwarmu daga gidan mai tuyar ƙosai. Baba yana Gidan Rumji ya raka wani mai laifi. Ina tsakar gida na ji usur, kafin in ɗauki mayafi sai na ji sallama da ƙarfi, muryar Laminu, yana cewa matan gida su fito. Bai jira amsa ba. Na ga ƙugiya ta leƙo ta saman darninmu, darnin ya kwanta, samari suka shigo. Suka ɗauko Kaka da tabarmarta suka ajiye a titi tana zaginsu har kakanninsu, suka sauke jinkar ɗakinta suka janye. Wutar ta tsaya a gidan maƙwabcinmu. Ko kara ɗaya namu ba ta taɓa ba.

Baba ya iso da yamma ya tarar da gidansa a buɗe kamar kasuwa, masu jaje sun cika wurin. Ya zagaya filin da aka share, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda ta tafi. Laminu yana tsaye gefe, kansa a ƙasa. Sai ga Alhaji Nomau ya zo jaje, ya tsufa, yana dogara sanda. Kaka tana zaune a kan tulin jinkarta ta hango shi.

"Yawwa Alhaji, gara da ka zo. Ɗanka ya rushe mini ɗaki, wuta ko ba ta zo ba. Ina ake kai ƙara?"

Alhaji ya dubi ɗansa, ya dubi Baba.

"Iya, kada ki kai. Na taɓa kaiwa, ban ji daɗinta ba."

Baba ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Ya je ya kama hannun Laminu, ya juya tafin ya ga inda gora ta saɓule fata, ya ce da Inna ta kawo man shanu.

Ya bar aiki da hannun riga ba komai. Rigar tana cikin akwatina, in kun zo zan nuna muku, sai kun kai ta haske za ku ga zaren. Filin nan kuwa da ke tsakanin gidan jikokin Alhaji da rumbuna, wanda amalanke ke bi, shi ne Nafisa ke ratsawa kullum in za ta lakol. Na gaya mata gobe in yarinyar ta sake kiranta 'yar gidan Ja-Darni, ta juya ta ce na'am.